Jirgin Feshin Jan-baki

Haɗeja, Asabar

Zuwa ga taubashina Buba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Ummussalma da hayaniyar Kano. Mu nan lafiya lau, sai tsuntsayen jan-baki da suka sauka a shinkafar Baba tun da ta fara nuna. Daga asuba zuwa magariba ina gona da gwangwani da majaujawa, muryata har ta dishe.

Takardarka ta iso. Wai kamfanin da kake wa aiki zai turo jirgin feshi, kuma matuƙin yana neman wanda ya san makwancin tsuntsaye a cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama, shi ne ka ba da sunana. Wai in je filin jirgin Dutse ran Laraba, zai tashi daga Kano ƙarfe huɗu, huɗu da minti ashirin da biyar ya sauka.

Haba Buba! Kano zuwa Dutse da na yi a mota kusan awa biyu, har ƙafata ta yi tsami? Minti ashirin da biyar ko tuwo ban gama ci ba. Ban yi boko ba, amma allo bai hana ni lissafi ba. Na san tarwaɗar da na saka maka a aljihun babbar riga ranar ɗaurin aurenka ce ba ta daina motsi a zuciyarka ba. Sake dabara.

Naka,
Fatihu

Haɗeja, Talata

Buba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Ka kira ni sau uku kana rantsuwa, amma na jiyo Ummussalma tana dariya a bayanka. Ka ce da maƙwabciya take. To.

Na tambayi Malam Ari direba, ya ce tsakanin garuruwan ya kai kilomita ɗari. Na tambaye shi ko jirgi zai cinye wannan kafin shayi ya huce, ya ce shi bai taɓa hawa ba. Ka gani? Nufinka in ci ado, in tsaya a rana ina kallon sama, a ɗauke ni hoto a watsa wa dangi.

Na samo maka wani. Ka tuna Sunusin Auyo, wanda gonarsu ke ƙetaren kogi, mai cewa ya fi kowa sanin fadama? Na gaya masa shi aka zaɓa. Har guga ya kai shaddarsa. Idan an ɗauki hoton, ka turo min.

Taubashinka da ya fi ka wayo,
Fatihu

Haɗeja, Juma'a

Yaya Buba,

Ina gaisuwa. Ka ga yau har da Yaya.

Shekaranjiya da yamma ina tsaye a gona na ji ƙugi daga yamma. Jirgi ne ƙarami, ya yi ƙasa-ƙasa har na ga tayoyinsa. Na cire riga ina kaɗawa, ina kiran sunana da kaina. Ya wuce ta kaina, ya ƙetare kogi, ya yi ta kewaya kacalar da ke bayan gonar su Sunusi. Tamu kuwa ko ɗigo. Tsuntsayen da suka tsira a can ma nan suka dawo.

Sunusi ya zo jiya da goro yana min godiya a gaban Baba. Ya ce matuƙin ya duba agogo da suka gaisa, huɗu da ashirin da uku. Ya ce sunana ne a takardar, sai da ya yi bayanin cewa ni na turo shi. Baba ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa, ya hura, babu abin da ya rage, ya miƙo min gwangwanin.

Don Allah, in jirgin zai sake zuwa, ka sa baki. Ko cewa ka yi minti biyar ne, zan kwana a Dutse. In kuma wannan karon tsokanar ce, ka ɗauki hoton, na yarda.

Ƙaninka,
Fatihu