Yaya Arkadi Yana Tsallaken Kogi

Litinin, 3 ga Oktoba, 2022

Ruwan sama tun asuba. Awon hawan jini 150 bisa 90. Likita ce ta ce in riƙa rubutawa. Mun gama tonon dankali, buhu tara, ƙanana a bana.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Ksenya ta kira, 'yar Yaya Arkadi. Matata Rimma ce ta ɗauka, ni ina gyaran famfo. Wai shekaranjiya ya faɗi a kicin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana asibiti a Narva. Daga tagarmu ana hango rufin gidajen garin.

Rimma ta tsaya a kaina da wayar. Na ce to, na ji. Na ƙarasa famfon.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Rabona da muryarsa tun Fabrairu, kwana uku da fara yaƙin Ukraine. Shi ya kira. Ya ce, “Kun ga abin da kuka yi?” Na ce su wa, ni da Rimma? Ya ce shirun da muka yi shekara ashirin shi ne hannunmu a ciki. Na ce masa kai da ka tsufa a garin da aka haife ka kana riƙe da takardar baƙo, kai ne za ka koya min magana? Ya kashe.

Gida ɗaya aka haife mu a Narva. Masaƙa ɗaya muka yi aiki. A 1984 masaƙar ta ba ni ɗaki a wannan gefen, Ivangorod, shi aka ba shi a can. Tafiyar minti ashirin ce a ƙafa ta kan gada. Bayan shekara bakwai Tarayyar Soviet ta rushe, muka wayi gari shi yana Estoniya ni ina Rasha. Babu wanda ya tashi daga gadonsa.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Rimma ta binciko fasfona a cikin kwalin magani. Ya mutu tun bara. Ƙaramin ofishin jakadancin Estoniya na Petersburg an rufe tun Afrilu, biza sai Mosko. Sabon fasfo wata guda, in an yi sa'a.

Ta ce, “Valentin, ka fara dai. Ka je ka cike takardar.” Na ce gobe.

Litinin, 10 ga Oktoba

145 bisa 90. Ban je ba.

Laraba, 12 ga Oktoba

Ksenya ta kira ta bidiyo daga asibiti. “Kawu, ga shi, yana jin ka.” Ta matso da wayar fuskarsa. An aske masa gashin baki. Tun ina yaro ban taɓa ganin leɓensa na sama ba. Bakin ya karkace.

Ya daɗe yana ƙoƙari. Abin da ya fito kamar “Valka” ne, sunan da mahaifiyarmu take kirana. Ko kuma ruwa yake nema, ban sani ba.

Na ce, “Yaya, mun tone dankali. Buhu tara.” Na ce ƙanana ne a bana. Na ce ana ta ruwa. Yana kallona da ido ɗaya. Sai ma'aikaciyar jinya ta shigo, Ksenya ta ce sai an jima.

Minti huɗu. Wayar ta nuna.

Asabar, 15 ga Oktoba

Maƙwabcinmu Gennadi ya tare ni a matakala. Har yanzu maganar tankar Soviet ɗin nan ta tunawa da Yaƙin Duniya na Biyu da Estoniyawa suka cire daga bakin hanya a Agusta yake yi. “Kakanninmu suka 'yanta su, ka ga sakayya! Mutanen tsallaken nan duk an saye su.” Na ce haka ne. Kullum haka nake cewa, ya fi saurin ƙarewa.

An kira jikansa soja makon jiya. Wannan bai ambata ba.

Talata, 18 ga Oktoba

Yaya ya rasu, ƙarfe goma da kwata na safe.

Alhamis, 20 ga Oktoba

An binne shi kusa da mahaifiyarmu. Ksenya ta ce za ta riƙe waya a maƙabarta mu gani. Rimma ta ɗaura baƙin ɗankwali, ta zauna a kicin, ta jingina wayar da gwangwanin sukari. Na ji muryar limamin coci tana yankewa tana dawowa. Na sa kwat na fita.

Na je bakin kogi. A can wata mata tana yawo da kare. Wasu biyu suna kamun kifi. Tutarsu a kan ganuwarsu, tamu a kan tamu. Na tsaya har ƙafata ta yi sanyi, ina jira in ji wani abu. Yunwa na ji. Na sayi burodi na dawo.

Da yamma Rimma ta tare ni. Ta ce, “Taisiya ta tambaya ko kana kallo. Na ce mata kana kallo.” Taisiya matar Yaya ce.

Asabar, 29 ga Oktoba

Babu komai.

Litinin, 7 ga Nuwamba

160 bisa 95. Likita ta ce akwai abin da ke damuna? Na ce babu.

Yau na tuna shi ne ya koya min iyo a kogin nan. Ya jefa ni daga kwale-kwale ya ce, “Kowane gefe ka ga dama, duk namu ne.” Ina da shekara shida. Na sha ruwa sosai.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Kwana arba'in. Rimma ta toya blini, wainar fulawarmu, ta dafa alkama da zuma kamar yadda ake yi wa mamaci. Mu biyar ne a tebur. An zuba masa nasa kofin giyar vodka, an rufe da yankan burodi.

Gennadi ya miƙe da kofi. Ya ce Arkadi mutumin kirki ne, sai dai zama cikin maƙiya yana juya kan mutum, Allah ya yafe masa.

Na ji kaina ina cewa, “Zauna, Gena.” Ya ce ai ba da wata manufa ba. Na ce, “Kansa ƙalau yake. Ya fi nawa. Zauna ka ci abinci.” Ya zauna. Muka ci gaba da cin abinci.

Lahadi, 27 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara. Na kira Taisiya, don in ji ko sun yi arba'in ɗin lafiya, shi ke nan. Da ta ji muryata ta ce, “Wayyo Valya, muryarku ɗaya.” Na ce mata ranar jana'iza ban kalla ba. Ta ce ta sani.

Ta ce takalmansa na sanyi suna bakin ƙofa, sababbi, sau biyu ya sa. Ba ta san wanda za ta ba ba, kowa ƙafarsa ƙarama.

Na ce ta ajiye min, zan zo in ɗauka. Haka kawai ya fito.