Ƙasar Kunkurun Baba

Assalamu alaikum, Yaya Musa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Yaya Hajara da yara? Mu nan Hadeja lafiya lau, in ka cire kunkurun marigayi Baba.

Ƙanenmu Habu ne ya yi aika-aika. Da na tafi suna Birniwa, ya kwashe ƙasar ɗakin kunkurun kaf, wai ta sha taki, ya kai ta wurin renon tattasansa. A madadinta ya zuba buntun shinkafa. Na dawo na tarar idon kunkurun ya kumbura, ya kasa tona ramin da zai ɓuya, ko yakuwa ba ya taɓawa. Da na yi magana, Habu ya ce, "Haba Yaya, shimfiɗa ai shimfiɗa ce."

Sai na kwashe buntun daga ɗakin kunkurun. Na sa aka ɗebo ƙasa mai danshi daga bakin kogi, na gauraya da rairayi, na zuba masa, na baza busasshen ganyen mangwaro. Sannan na farke matashin kan Habu, na zare audugar, na ɗura buntun nan, na ɗinke tsaf. Kwana huɗu ke nan yana susar wuya, yana zargin kuɗin cizo. Audugar tana akwatina sai ranar da kunkurun ya buɗe ido.

Ka gaida mutanen gida. Ka sa kunkurun a addu'a. Habu kuwa ka bar ni da shi.

Ƙanwarka,
Rabi