Jarka Biyu da Tekun Pemba

Litinin, 7 ga Oktoba
Mai otal ya ce daga watan gobe ba zai ba mu baƙinsa ba sai kowa a jirgin ruwanmu ya iya iyo, har da mai dafa abinci. Wato ni. Ƙanena Faki, direban jirgin, ya ce, "Yaya, ki zauna gida, in nemi wani." A jirgin da mijina Shaame ya sassaƙa da hannunsa? Sai dai ya nemi wani jirgin.

Laraba, 9 ga Oktoba
Shekarata arba'in da uku a bakin teku, ruwa bai taɓa wuce gwiwata ba. Mu mata nan aka ce mu tsaya. Tun da teku ta ci Shaame kuwa, ko kallonta ba na son yi.

Asabar, 12 ga Oktoba
Malama Riziki mai koya wa mata iyo, sa'ar 'yata ce. Ta rungumar da ni jarka biyu babu komai ciki, da rigata da mayafina, ta ce in kwanta rigingine. Na sha ruwan gishiri har na ƙoshi. Na ji tsoro, ba ƙarya.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Maƙwabciyata Mwanakombo ta tsaya a gaɓa: "Ke tsohuwa, kifi kike son aura?" Na ce ko kifin ne ai ya fi mijinta motsi. Yau jarka ɗaya.

Alhamis, 31 ga Oktoba
Babu jarka. Na yi iyo, bugun hannu goma sha ɗaya, na ƙirga.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Gwaji a kan duwatsun murjani, inda muke kai baƙi. Daga jirgi zuwa igiyar anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, a dawo. Faki sai addu'a yake kamar ni za a yanka. Riziki ta sa mini gilashin ido na shiga ruwa, na dira. Na ci. Mai otal ya rubuta sunana.

Amma a hanya na duba ƙasa. Shekara tara a raina ina ganin Shaame a ƙasan nan cikin duhu. Ashe akwai haske a can, da ƙananan kifaye shuɗi da rawaya suna ta harkarsu.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Babu baƙi yau. Na ce wa Faki mu koma wurin, wai ina zargin igiyar anga ta fara cinyewa. Ya dube ni, ya ce sabuwa ce. Na ce ya dai kai ni.