Abin da Na Karanta a Bayan Labule

Jarwal, Makka
16 ga Zulhajji, 1368

Zuwa ga ƙanena Tsoho,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya kai, yaya Maryama da nauyin jiki, yaya surukinka Malam, yaya ruwan saman Fatani ta ƙasar Siyam da ka ce ba ya gajiya? Ina fatan shanu ma suna lafiya, tunda na lura a takardarka su ka fara ambata kafin matarka.

Ina rubutun nan Baba yana zaune a kaina yana ta magana. Yanzu haka cewa yake, "Ki gaya masa kada ya bar nafila. Ki gaya masa ya rage barkono. Kin rubuta, Sa'adiya?" Na ce na rubuta. To ga shi na rubuta. Tun da idanunsa suka mutu ni ce alƙalaminsa, amma abin da ya biyo baya nawa ne.

Takardarka ta iso kafin Arfa a hannun alhazan ƙasarku, hidimar hajji ba ta bari an buɗe ta ba sai jiya bayan la'asar. Ka san dokar gidan nan. Baba ya ce labarin ɗa kamar naman layya ne, ba a cinsa a ɓoye. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka ɗora shayi, aka kira maƙwabta, aka saki labule na zauna a bayansa. Shekara huɗu na yi a jami'ar Alƙahira, kuma wannan ne babban aikin da takardar shaidata ta samar mini.

Ka yi kasuwa, wallahi. Da na karanta cewa mutanen can ba sa tatsar saniya, Kawu Wada, wanda ya kora garke daga Wadai zuwa Omdurman yana saurayi, ya ce a tsaya, a sake karanta masa. Na sake. Ya ce, "To me suke yi da ita, kallo?" Da na zo inda ka ce shanunsu ƙanana ne kamar an wanke su sun tsuke, kuma ɓauna ce ke musu noma, ta wuni kwance cikin taɓo kamar matar attajiri, sai Dawuda mai ɗaukar ruwan Zamzam ya ce shi ya daɗe da sanin haka, kuma giwa ce ke musu daka. Dawuda fa iyakar tafiyarsa Jidda. Da na ce ƙasar ta sake sauya suna daga Siyam zuwa Tailan, Kawu ya tambaya ko an yanka mata rago. Aka shafe rabin sa'a ana yanke wa gwamnatin Bankok hukunci, tsofaffi bakwai da ba wanda ya taɓa ganin shinkafa a gona.

Akwai baƙi uku a zauren, alhazan Fatani da suka sauka a benenmu bana. Baba ya ce rashin kunya ne a yi dariya a gaban baƙo da harshen da ba ya ji, balle ƙasarsu ake zance. Ya ce in riƙa juya musu da Larabci. Na riƙa juyawa, layi bayan layi.

Har shafin ƙarshe. Inda ka ba da labarin samari biyun da sojoji ke nema, da yadda ka ɗora musu malfa, ka ba su sanduna, suka kora maka shanu ta gaban sojojin har suka haye iyaka. Zaure ya ɗauki kabbara. Kawu ya ce jinin Wadai ba ya ƙarya. Baƙi biyu kuwa, na ga ƙafafunsu ta ƙasan labule sun daina motsi. Na ukun, wani mai tabarau, mai ladabi ƙwarai, ya ce ma sha Allah, ya tambayi sunan ƙauyen don ya kai maka gaisuwa. Baba ya faɗa masa, ya ƙara da sunan surukinka, ya kwatanta masa gidan da ke bakin rafi kamar shi ya gina shi. Mutumin ya ce shi zai ɗauki amsarmu da hannunsa.

Ba wani abu. Kawai tun jiya maganar nan tasa take dawo mini.

Ka gaida Maryama, ka ce ina mata addu'ar sauka lafiya.

Yayarka,
Sa'adiya


Jarwal
20 ga Zulhajji

Tsoho,

Bayan gaisuwa. Allah ya sa kana lafiya a wannan sa'ar da nake rubutu. Ban taɓa tambayar lafiyarka ina nufin tambayar ba sai yau.

Takardar farko tana hannuna, ban ba Mai Tabarau ba. Ga dalili.

Shekaranjiya na je wurin Gwaggo Khadijatu, gwaggon matarka, in kai mata gaisuwar da kuka aiko. Shekararta talatin a Makka, amma duk wanda ya sauko daga jirgin Fatani ta san kakarsa. Ina ba ta labarin samarin nan ina dariya. Tana zuba mini gahawa, sai na ga ta cika finjali ya zube a faranti ba ta daina ba. Ta tambaye ni a gaban wa aka karanta. Na faɗa mata.

Ta ce kowace shekara a cikin alhazansu akwai mutum guda da ba shi ya biya wa kansa jirgi ba. Aikinsa ya ga wa ya ziyarci wa, wa ya ce me. Duk Bafatane ya san shi, a gabansa ba a zancen komai sai tsadar dabino da zafin Mina. Ba su gaya mana ba don ba su zaci akwai gidan da ake kiran unguwa a karanta mata sirri ba. Ta ce bara wani malamin makaranta ya yi magana a nan, wadda ba ta kai rabin taka ba. Ya sauka jirgi lafiya, ya kwana biyu a gidansa, aka zo aka ce ya je ya amsa tambaya guda. Matarsa har yau ba ta sani ba ko takaba za ta yi ko jira.

Ta ce, "Ke da kika yi karatu, 'yata?"

Wannan ita ce maganar da zan gaya maka, kuma ba zan iya faɗinta da baki ba. Na sani, Tsoho. Ba duka ba, amma na sani. A Alƙahira na ga an ɗauke ɗalibai daga aji a kan abin da bai kai wannan ba. Da idona ya sauka a kan shafin nan na tsaya, na ja numfashi. Da na ce ruwan teku ya taɓa tawadar, ba wanda zai ƙaryata ni, ni kaɗai ke ganin takardar. Amma kafin nan kaɗan Mai Tabarau ya ce wa Baba bai taɓa jin mace mai tsabtar Larabci irin ta bayan labulen nan ba. Shekara shida ke nan ba wanda ya lura. Sai na ci gaba. Har na zaɓo wa malfar kalma mai kyau.

Na dawo na gaya wa Baba. Ya ce mutumin da ya yi ɗawafi, ya sa hannu a akushinsa, ba za a yi masa mummunan zato a ƙarƙashin rufinsa ba. Ya ce karatun Masar ne ya koya mini zargi. Kawu ya ce a hau bene a tambaye shi gaba da gaba, kamar ɓarawon akuya. Da ƙyar na hana.

Yana nan a samanmu. Ina jin takunsa. Ina jin lokacin da ya ja kujera. Jiya muka haɗu a matakala, ya matsa gefe, ya sunkuyar da kai kamar ɗan malamai, ya tambaye ni cikin Larabcinsa mai sanyi yaushe matar ƙanena za ta haihu. Na ce Allah ne masani. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Jirginsu zai bar Jidda ranar ashirin da bakwai. Kwana goma sha shida ko sha takwas a teku zuwa tashar Finang, daga nan kwana biyu zuwa wajenku. Duk takardar da na aiko cikin jirgin za ta shiga, tare da shi za su sauka. Ta gidan waya kuwa, Gwaggo ta ce buɗewa ake yi. Saura tangaraho, wato saƙon waya, shi ma sai ya bi ta hannun ma'aikatansu kafin ya same ka. Ina ta neman kalmomi goma da su za su karanta su ga ba komai, kai ka karanta ka tashi. Ban samu ba. Na san ka. In na ce ka gudu za ka ce wa zai ba shanu ruwa. Kai ne ka ƙi zuwa sallar idi kana ɗan shekara tara don tunkiya tana tari.

Allah ya tsare ka, ya tsare Maryama da abin da ke cikinta.

Sa'adiya


Jarwal
24 ga Zulhajji

Ƙanena,

Salamu alaikum. Kafin gaisuwa, kafin komai: Baba yana raye. Lafiyarsa ƙalau. Da safen nan ya sha kunu kofi biyu ya yi wa Dawuda faɗa. Ka zauna, ka sha ruwa, sannan ka ci gaba da karatu. Yaya Maryama, yaya gajiyar hanya?

In wannan takarda ta shiga hannunka, to kana Finang, a masaukin alhazai, kana jiran jirgin Jidda, kuma ka yi kusan mako uku kana kukan ubanka. Ka yafe mana. Ga yadda aka yi.

Ban san maganata ta zauna wa Baba ba. Shekaranjiya bayan azahar ya aika aka kira masa Mai Tabarau, ya ce tsufa ya sa ya rikita masa kwatance, ƙauyenka ba wanda ya faɗa ba ne, ya kawo sunan wani da ya taɓa ji a bakin alhazai. Mutumin ya yi 'yar dariya ya ce a'a ya Shehu, na farkon ne daidai. Ina bayan labule na ji abin da Baba ya ji: ƙarar takarda. Ya ciro littafi daga aljihu, ya buɗe, ya karanto sunan ƙauyen, da sunan surukinka, da rafin, har da watan da samarin suka haye. A zatonsa makaho ba ya ganin littafi.

Baba ya yi masa godiya, ya sa aka ba shi dabino. Mutumin ya fita. Can Baba ya ce, "Mai kai gaisuwa ba ya rubuta wata."

Sai ya ce in ɗauko alƙalami. Shi ya faɗi kalmomin tangarahon da kansa: Baba ya rasu, taho da iyalinka da surukinka, ana jiranka. Ya ce ko kafiri ba ya tare ɗan da zai je kabarin ubansa, kuma wannan kaɗai ce maganar da za ta raba ka da garke. Kawu ya tashi tsaye ya ce, "Yaya, kana kira wa kanka mutuwa da bakinka?" Baba ya ce, "Wada, ita ba ta jiran tangaraho. Da bakin nan na kwatanta gidan yaron, bari kuma da bakin nan in fito da shi." Ya ce zunubin ƙaryar a rubuta masa shi kaɗai. Na ce a'a, a raba. Ya ce in yi shiru in yi rubutu, karo na farko da ya ce haka na ga yana da gaskiya.

Ba za mu buga a Makka ba. Ma'aikacin wayar nan ɗalibin Baba ne, kafin magariba Jarwal kaf za ta cika gidan da ta'aziyya, na sama ya leƙo ya ga mamaci yana alwala. Jidda za mu, ni da Kawu, inda ba a san mu ba. Takardun nan uku zan ba wata hajiya da Gwaggo Khadijatu ta amince da ita, ta ɗinke su cikin matashinta, ta kawo maka masauki.

Yanzu ka saurare ni. Kada ka je bakin jirgi taryar kowa, Mai Tabarau yana cikinsa. Kada ka koma, ko da an ce maka lafiya lau, ko da an ce jar saniyar da ka cika mana shafi biyu da ita ta haihu. Ka bar su. Wanda ya ga dama ya kora, ya yanka, ya zuba musu ido kamar yadda Kawu ya ce. In Malam ya ƙi biyo ka, ka aika masa ta bakin mutum, ba a rubuce ba. Kuma in ka iso, ka zage ni yadda ka so. Na tanadi kunne.

Abin da nake tsoro ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron a riƙe wayar a ofis kwana goma. Ina tsoron ka karanta ka ce wanda ya mutu ya riga ya mutu, bari a ga bayan damina. Ina tsoron hajiyar nan ta zauna a masauki tana tambayar wani dogon Bahaushe, a ce ba a gan shi ba, takardun su tsufa cikin matashi. In haka ta faru ba wanda zai karanta wannan layin, kuma ni na jawo.

Kawu yana kira daga waje, motar Jidda ta cika. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Yayarka mai laifi,
Sa'adiya

Na ƙara wannan a mota, ka yi haƙuri da rubutun. Baba ya rako ni har ƙofa yana dafa bango. Ya ce in karanta masa kalmomin sau ɗaya kuma. Na karanta a hankali don kada na sama ya ji. Ya saurari labarin rasuwarsa har ƙarshe, ya ce, "Ya yi. Kada ki gyara musu Larabci." Sannan ya laluba ya samo ƙyauren, ya tura shi da kansa. Ina tsaye a titi na ji sakata ta shiga. Na ɗauki jakata na bi Kawu.