Gayyar da Magajin Gari bai rama ba

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaida ka da aiki, da iyali, da zafin bazarar Damargu. Ni ce Zainabu ungozoma, wadda ke karɓar haihuwa a ɗakin likitan ƙauyenmu shekara goma sha tara. Ka san ni, ni ce na yanke cibiyar autanka.

Ranar 13 ga Mayu ta matso, ranar da ake tunawa da matan da suka fito a Yamai neman a dama da su cikin sha'anin ƙasa. Kafin a sake kafa rumfar bash a jera kujeru, ina da magana huɗu.

Na ɗaya. Bara mai shelarka ya zaga unguwanni yana cewa Magajin Gari na kiran gayya don girmama mata. Gayya ya ce, kunnena ya ji. Muka fito mu talatin da biyu, kowa da tsintsiyarta, muka share farfajiyar meri, ofishinka, tun daga hantsi har azahar. Ku maza kuna cikin inuwa, kana karanta mana 'yancinmu da Faransanci. Waɗanda suka ji sun ce jawabin ya yi daɗi.

Na biyu. Daga baya wani malamin lakwal, makarantar boko, ya ce mini a takardarku "salibirite" aka rubuta, wato sharar gari, mai shela ne ya rasa Hausarta ya kira ta gayya. Wannan tsakaninku ne. Mu dai gayya muka amsa, kuma kai ɗan garin nan ne, ka san ƙa'idarta. Mai gayya shi ke fara ɗaukar kayan aiki, shi ke dama fura, kuma ranar da waɗanda suka zo masa suka kira tasu, sai ya je. Ba mu ga tsintsiya a hannunka ba. Fura kuwa, an raba lemun kwalba, ya ƙare a layin kujeru na biyu. Waɗannan biyun mun yafe. Na ukun ne ya rage.

Na uku. Rufin ɗakin haihuwa yana yoyo. Daminar bara na karɓi haihuwa huɗu da kwano biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na tarar ruwan sama. Wata mai jego sai da na ja tabarmarta wuri uku kafin ruwan ya ɗauke. Na je meri sau uku, sau uku aka ce kana Tanut. Bana 'yata Habsatu na da ciki na fari, watanta zai kama tsakiyar damina. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji.

Na huɗu. Saboda haka ni ma na kira gayya, ranar 13 ga Mayu, da an idar da sallar asuba, a bakin ɗakin likita. Mu mata za mu ɗebo ruwa, mu kwaɓa ƙasa. Abin da muke so daga maza shi ne hawa soro, a sake azara biyu da gara ta ci, a yi yaɓe, a gyara indararo. Duk namijin da aka haifa masa ɗa a ɗakin nan, gayyar ta shafe shi. Na duba, kusan ba wanda ya tsira, har ladan.

Roƙona kaɗan ne. Ka zo da kanka, kada ka aiko wakili. Ka zo da tsohuwar riga. Jawabin ma ka taho da shi in kana so, daga kan soro an fi jin murya.

Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin gwiwa, ya ba mu damina mai albarka, ya sauki Habsatu lafiya a wuri busasshe. Ni zan dama furar, ni zan fara taka ƙasa, kuma da hannuna zan riƙe maka tsani, kamar yadda na riƙe uwargidanka a ɗakin nan.

Wassalam.

Zainabu ungozoma