Tuwon Tasha a Gidan Baba

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Kumasi? Yaya maigida da yara, yaya kuma ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yaya, na rufe rumfar abincina ta tashar Jega, ni da Malam muka kwashi yara muka tafi Andarai, muka yi damina wurin Baba. Tun da aka ba mu jiha motoci ba su yankewa, shi ya sa kowa ya ce na haukace, wata za ta kwashe mani direbobi. Na ce ta kwashe, ai ba su suka haife ni ba.

Ranar da muka sauka na hau murhu, ashe hannuna ya manta girkin gida. Na tuƙa tuwo kamar na masu lodin albasa, sai da aka bi maƙwabta da kwanoni har ruga. Fulani suka aiko da ƙwaryar nono, daga ranar gidan bai rabu da mutane ba.

Baba da aka ce ba ya cin abin kirki, ya suɗe kwano tas. Ya dube ni ya ce, “Ashe wannan daɗin direbobi ke ci, ni ina nan?” Na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Na dawo na iske rabin masu saye sun canza rumfa. Wallahi ko a jikina, Allah na gode maka.

Ki gaida mutanen gida, ki sa mu a addu'a. Baba yana ta zancen miyar kukarki. Yaya, ki taho tun yana iya ci.

Ƙanwarki,
Kulu