Jirgin da Aka Daina Harbi

Omaha, Nebraska
Fabrairu, 1991

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙarfin jiki? Hannun hagun nan, kana motsa shi yadda likita ya ce, ko kana nan kana gardamarka?

Wasiƙarka ta zo, a tsaye na karanta ta don na kasa zama. Wai bayan gasar watan Yuni za ka sayar da jiragenka kaf, ka daina zuwa tafki. Kai ɗin? Mutumin da ya ƙwace garejin Mama ya cika shi da ƙananan jiragen yaƙi, har ta rasu motarta a waje take kwana? In ka bar tafkin nan me ya rage maka a Tulsa, ban da talabijin da kujerar nan mai ƙara? Maganar ta tsorata ni, ba zan ɓoye maka ba.

To ga tawa: ni ma zan gina jirgi. Na san ka yi dariya. Shekara da shekaru aikina riƙe maka tawul a bakin ruwa, ina kallon dattawa da furfurarsu suna harbin jiragen juna da rimot har ɗaya ya nutse, mai shi ya naɗe wando ya shiga laka yana zage-zage. Na gaji da tawul.

Kullum kana cewa sabon shiga da kuruza yake farawa, matsakaicin jirgin nan mai gudu, ba da babba ba. To wacce? Na samo zane uku na baza a teburin cin abinci: ta Amurka, ta Ingila, da wata ta Japan doguwa siririya. Da safe in ce wannan, kafin in taso daga aikin asibiti na sake shawara. Ko wurin ajiye faranti babu yanzu.

Ka ba ni amsa da wuri. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Marlys

Tulsa, Oklahoma
Maris

Marlys,

Na amsa gaisuwa. Hannu yana nan inda yake. Rubutun ya karkace, ki karanta haka nan.

Ta Amurka za ki ɗauka, magana ta ƙare. Tana da faɗi, hannunki zai shiga cikinta ki gyara famfo. Famfon nan shi ne ranki: ruwa na shiga ta inda harsashi ya huda, shi yana fitarwa. Bindiga biyu za ki sa mata, duk a baya. Kuruza ba ta faɗa gaba da gaba, juya baya take ta yi harbi ta gudu. Halinki ne, ba za ki sha wuyar koyo ba. Gefenta ki rufe da katakon balsa mai laushi wanda harsashi zai iya hudawa, doka ce. Kar ki ɓata lokaci kan fenti.

Ki tuna, ƙasar jirginki ita ce ɓangarenki. Ta Amurka ko ta Ingila, kina tare da ni a rundunar Ƙawance. Zanen ta Japan ɗin nan ki kunna murhu da shi. Na ga na gaskensu a teku lokacin yaƙi, ina saurayi. Abokina Delbert da mutanensa su tuƙa irinsu ban damu ba, dole wani ya zama abokin gaba. Amma ban da jinina.

Maganar sayarwa kuwa tana nan. Tunda na tashi daga shanyewar jikin nan jirgina yake shiga ruwa ya fito sumul, ko huji ɗaya babu. Da yamma kowa na ƙarƙashin rumfa da gam da takarda yana faci, ana tsiya, wane ya huda wane, ni ina zaune hannuna a cinya. Ko na ƙware ne, ko su Delbert sun makance. Abin ya fita a raina.

Sai na ji ki.

Babanki

Tulsa, Oklahoma
Maris

Zuwa ga 'yata Marlys Hruska,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Delbert da maiɗakina Imogene muna gaishe ki, muna fatan aiki na tafiya daidai. Takardarki ta iso. Tambayar da kika yi ba ki yi kwana-kwana ba, ni ma ba zan yi ba.

E, haka ne. Mu 'yan ɓangaren Jamus da Japan mun zauna, a matsayina na shugabansu, muka tsayar da magana cewa ba mai harbin jirgin babanki Orval. Mukan yi harbi ta gefensa, ruwa ya fantsama, mu wuce.

Kafin ki yi fushi ki saurare ni. Ba ki ga mahaifinki ranar da ya fara dawowa ba: rimot rataye a wuya, hannu ɗaya ke aiki, ƙafa yana ja. Kin kuma san al'adarmu, wanda jirginsa ya nutse shi ke shiga ya ɗauko abinsa, ba a ɗauko wa mutum. Ƙasan tafkin nan laka ce mai santsi. In ya faɗi a ciki, wa zai iya kallon idonki? Har Imogene ce min ta yi, “Delbert, in ka nutsar da bawan Allah nan, ka nemi inda za ka ci tuwon dare.” Ni dai ban ga laifi a abin da muka yi ba.

Roƙona ɗaya, kada ya ji. Na san Orval tun kafin a haife ki. In ya ji, ba tafki kaɗai zai bari ba, har da mu.

Ki zaɓi ta Amurkan, ki tsaya kusa da shi, zai ji daɗi. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baffa Delbert Yoakum

Omaha
Afrilu

Baba,

Gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta.

Ta Japan na ɗauka. Na riga na yanka katako, babu komawa. Kar ka tambaye ni dalili, ita ta fi kwanta min a rai, shi ke nan.

Gaskiyarka, matsattsiya ce kamar bututu. Na karce yatsuna wajen cusa famfo. Na gwada ta a bahon wanka, famfon ya watso min ruwa a ido, maƙwabciyata ta ƙasa ta hauro tana cewa, “Marlys, wanka kike ko wankin mota?” Bindigar ɗaya tana harbi, ɗayar tari kawai take. In akwai dabara ka faɗa min, in kuma ba za ka taimaki abokin gaba ba, na gane.

Sai mun haɗu a Yuni. Ka sha maganinka.

'Yarka,
Marlys

Tulsa
Afrilu

Marlys,

Abu ɗaya na ce kar ki yi, shi kika yi. To me ya sa kika tambaye ni tun farko?

Na ɗauka gasata ta ƙarshe zan yi ta kina gefena. Ashe a can tsallake za ki tsaya, cikin su Delbert. Ba komai. In kin zo da wannan jirgin, akwai masauki a bakin babban titi, ki kama ɗaki can.

Orval Hruska

Omaha
Mayu

Baffa Delbert,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna Imogene.

Ka sa sunana cikin rundunarka. Kuma ka sani tun yanzu, ni ban zauna zamanku ba, ban ɗauki alkawarin kowa ba.

Baba ya sa hannu a wasiƙarsa da cikakken sunansa, sai ka ce takardar kotu. Tun daga ranar ba ni da sukuni. In ɗauki biro zan gaya masa gaskiya, in ajiye. In na gaya masa, na karya shi. In na yi shiru, ni ce 'yar da ta watsa masa ƙasa a ido. Har zanen ta Amurkan na sake bazawa jiya, na tsaya a kansa kamar sakarya, sannan na naɗe.

Baffa, marasa lafiya nake jinya kullum. Na san yadda fuskar mutum take komawa ranar da kowa ya fara yi masa magana a hankali. Ita nake gani a rubutun Baba.

Ka huta lafiya.

Marlys

Omaha
Yuni

Baba,

Ina gaishe ka, ko ba za ka amsa ba. Na buga waya har na gaji. Ka bar tafki ba ka ce min uffan ba, to ka ji tawa.

Ka ga yadda na fara, jirgi na ta zagaye wuri ɗaya kamar kaza ta sha kashi, don na haɗa sitiyarin a juye, in na ce hagu ya tafi dama. Kowa ya yi dariya ban da kai. Da na gane kansa sai na lallaɓa da baya-baya har na kusa gogar gefen naka, na danna, ban ɗaga yatsa ba. Ƙarar nan ta harsashi a jikin balsa, duk bakin ruwan ya ji.

Sai Baffa Delbert ya manta kansa ya daka min tsawa: “Ke Marlys, haba! Ba mun ce ba a harbin Orval ba?”

Ka juyo ka ce, “Ba a harbin wa?”

Kowa ya sunkuyar da kai yana duba rimot ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ka mayar da ido kan ruwa, ka juyo da babban jirgin nan da hannu ɗaya, ka yi wa kuruzata ruwan harsashi har ta kifa. Ban taɓa jin daɗin asara irin wannan ba. Amma naka ma ya sha ruwa, famfo ya kasa, ya bi bayan tawa.

Da ka nufi ruwa mutane suka taso, ka ce, “Duk wanda ya taɓa ni sai na fasa masa rimot a ka.” Ina ciki ni ma, ina lalubar tawa, lokacin da santsi ya kwashe ka ka durƙusa, ruwa har wuya. Da na miƙa hannu da na kamo ka. Ban miƙa ba. Ni da aikina ke nan ɗaga mutane, na tsaya rungume da jirgi ina kallonka kana ta kokawa da laka har ka miƙe. Ban taɓa yin abu mai wuya kamarsa ba. Ka fito da jirginka a hammata, ka shige motar maƙwabcinka, kuka tafi.

Tun watan Maris na sani, shi ya sa na ɗauki ta Japan. Harbin ba zan ba ka haƙuri a kansa ba. Yadda ka ji maganar a gaban jama'a, shi ke ci min rai. Tsoro nake ji ko na raba ka da tafkin da abokanka da ni kaina a rana ɗaya.

Ka ce wani abu, ko zagi ne.

'Yarka,
Marlys

Tulsa
Yuli

Marlys,

Na gaishe ki. Ki daina buga waya, ina gareji, ba na ji.

Hannu ɗaya ba ya faci. Takarda ta manne min a yatsa, gam ya zube a wando. Hujin da yawa, amma rabi a sama suke, ɓarnar harsashi kawai. Ƙasa da inda ruwa ke tsayawa ake harbi. Ki zo ƙarshen wata ki riƙe min takarda, na sa an share ɗakinki. Jirgin naki a gareji zai kwana, kar ya shigo min falo.

Akwai gasa a Satumba. Ki gaya wa Delbert, ba ni ba shi sai ranar da ya huda ni da hannunsa.

Babanki